Binciken Shari'a da Na'ura: Yadda Nake Yi Tun Daga Zuwan Mai Ƙara Har Ranar Shiga Kotu

Wata Laraba da yamma wani matashin lauya da ke aiki a ƙarƙashina ya ajiye mini rubutaccen jawabin da za mu shigar a wata shari'ar fili. Ya kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙoli guda huɗu. Uku na san su kamar yunwar cikina. Na huɗun ban taɓa jin sa ba, ga shi kuma maganar da ya ciro daga ciki ta zauna wa shari'armu ɗas, kamar tela ne ya auna ya ɗinka.

Na ce, "Barista, wannan na huɗun a ina ka samo shi?"

Ya ce, "Oga, na'ura ce ta ba ni. Har lambar shafi ta kawo."

Muka sauko da kundin daga kanta. Shekarar daidai, lambar kundin akwai ta, shafin ma akwai shi. Abin da ke kwance a shafin kuwa rigimar bashin banki ce tsakanin wasu mutane daban. Sunayen da na'urar ta ba shi babu su a ko'ina. Da takardar nan ta isa gaban mai shari'a da sa hannuna a ƙasa, ni za a tsayar, ba wayar yaron ba.

Na'urar da yake nufi ita ce manhajar ƙirƙirarriyar basira, wato AI, irin su ChatGPT. Duk da haka ban hana shi amfani da ita ba, ni ma kullum ina amfani da ita. Wanda ya yi zamanin bin kundayen NWLR, wato kundayen hukunce-hukuncen manyan kotunan Nijeriya, waɗanda marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985, yana laluben fihirisa kundi bayan kundi, sannan ya bi layin mai hoton takarda, ba zai raina abin da ke fito masa da hukunci ashirin kafin shayi ya huce ba. Abin da na yi shi ne na tsara mana hanya, ita ce kuma zan shimfiɗa a nan.

Fara da biro da takarda

Kafin ka taɓa waya ko kwamfuta, zauna ka rubuta abin da ya faru da hannunka, kwanan wata bayan kwanan wata. Mu ɗauki misali irin wanda ke shigowa ofisoshinmu kowane mako. Dattijo ne daga Rigasa, ya sayi fili shekaru da dama da suka wuce, shaidarsa takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Ya kewaye wurin da bulo layi uku ya bari. Wanda ya sayar masa ya rasu, magada suka sake sayar wa wani, shi kuma ya je ya samo takardar shaidar mallaka ta gwamnati. Yanzu Baba ya zo yana cewa, "Barista, ni dai a ƙwato mini haƙƙina."

Wannan kuka ne, bai zama tambayar shari'a ba tukuna. Aikinka ka yanka shi gunduwa-gunduwa. Wace kotu ce ke da hurumi? Lokacin shigar da ƙara bai wuce ba? Tsakanin takardar Baba da ta wancan, wacce ta fi ƙarfi? Cinikin farko yana buƙatar amincewar gwamna, in kuwa yana buƙata, rashinta ya rushe shi? Magada suna da ikon sayar da abin da mahaifinsu ya riga ya rabu da shi? Wanda ya shiga wurin na'ura ba tare da waɗannan ba zai fito da shafi uku na zance mai daɗin karantawa wanda ba ya kai shi ko'ina.

Daga nan sai ka san wace doka ce take aiki a kanka

A nan lauyan Arewa ya fi kowa shan wuya da waɗannan manhajoji. An horar da su ne da rubutun da ya cika intanet, mafi yawansa kuwa na Amurka da Ingila ne. In an zo Nijeriya, abin da ya fi yawa na Legas ne da Abuja. Ka tambaye ta hukuncin damfara, sai ta miƙo maka sashe na 419, wanda na kundin laifuffukan Kudu ne. Mu a nan tsarin Penal Code muke bi tun 1960. In ka gyara mata, sai ta koma tsohon kundin Arewa ta ce maka kisan kai sashe na 221 ne, alhali Jihar Kaduna ta yi nata sabon kundin a 2017 kuma lambobin sassan sun canja. Haka dokar tafiyar da shari'ar laifuffuka: ta tarayya ta 2015 ce, ta Kaduna ta 2017, kuma a gaban majistaren jiha ko Babbar Kotun jiha ta Kadunan za ka kafa hujja da ita. Ga dokar kamfanoni ta 2020 da ta maye gurbin ta 1990, ga dokar shaida ta 2011 da aka yi wa gyara a 2023. Na'ura tana iya zubo maka tsohon sashe da cikakkiyar natsuwa.

Saboda haka ka ajiye naka kwafin dokokin da kake aiki da su kullum, a babban fayil guda cikin kwamfutarka, kowanne da shekararsa a jikin sunansa. Na tarayya suna samuwa kyauta a shafukan intanet irin na PLAC, wata cibiya mai zaman kanta da ke bibiyar dokoki. Na jiha kuwa sau da yawa sai ka taka zuwa Ma'aikatar Shari'a ko ka nemi gazet, jaridar da gwamnati ke buga dokokinta a ciki. Ƙa'idojin kotu da umarnin da babban jojin jiha ke fitarwa, tambayi magatakarda. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

A shari'ar Baba, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ce uwa: sashe na 21 da na 22 kan neman amincewa kafin a sayar, sashe na 26 kan makomar cinikin da ya saɓa, sashe na 34 kan wanda yake riƙe da fili a birni tun kafin dokar. Sai dokar ƙayyade lokacin ƙara ta Jihar Kaduna. Wannan ta ƙarshen kada ka karɓi adadin shekarunta daga bakin kowa, mutum ko inji. Kowace jiha da tata, na'ura kuma tana da son kawo shekara 12 ta Legas. Buɗe ta Kaduna ka ƙirga da kanka.

Cire sirrin mutane

Wannan gajere ne amma ba a tsallake shi. Sunan Baba, lambar filinsa, sunan unguwa, kuɗin da aka biya, duk a cire kafin a liƙa komai a manhajar da kowa ke shiga kyauta. Ka ce "mai saye na farko" da "mai saye na biyu". Abin da ka rubuta yana tafiya ne kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Ƙa'idojin aikin lauya sun ɗora maka riƙe amanar wanda kake wakilta, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023. Shari'ar aure, ta fyaɗe, ta rikon yara, waɗannan ko da an cire suna ina taka-tsantsan, don garin nan ƙarami ne.

Yadda ake tambayarta

Kayan aikin iri biyu ne, kuma ya kamata ka san da wanne kake magana. Akwai na kowa-da-kowa irin ChatGPT, Gemini da Claude. Akwai kuma rumbunan hukunci na ƙasar nan da ake biyan kuɗi, irin LawPavilion da Legalpedia, inda ainihin rubutun hukuncin yake ajiye. In ka ga LPELR a jikin lambar hukunci, daga rumbun LawPavilion ne. Na farkon sun iya tunani da kai da tsara zance. Na biyun su ne ke da kayan.

Ni abin da nake nema a wurin na farkon shi ne taswira. Ga kwatancin yadda nake rubutawa, ko da yake da Turanci nake yi tunda hukunce-hukuncen da Turanci suke: "Ni lauya ne a Jihar Kaduna, Nijeriya. Ga abin da ya faru. Lissafo mini tambayoyin shari'a da suka taso, har waɗanda ban hango ba. A kowacce ka faɗi doka da sashen da kake jin ya shafe ta, da kalmomin da zan yi bincike da su a rumbun hukunci. Kada ka kawo dokar wata ƙasa. In ba ka da tabbacin sunan wani hukunci, ka ce ba ka da shi."

Wannan jimla ta ƙarshe tana rage ƙarya, ba ta kashe ta.

Kalmomin binciken su ne ribar da na fi samu. Sau da yawa ka san abin da kake nema amma ba ka san lafazin da alƙalai ke kiransa da shi ba, rumbun kuwa lafazi yake bi. Da zarar ka samu lafazin, sai ka koma rumbun, ka taƙaita binciken ga Kotun Ƙoli tukuna, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara, ka fara daga sababbi ka gangara baya.

Tantancewa, inda aikin yake

Yana da kyau ka fahimci dalilin da ya sa take ƙirƙiro hukunci. Ita ba ta buɗe kundi ta duba. Ta haɗiye rubutu mai ɗimbin yawa ta koyi wace kalma ce ta saba bin wacce. Ta ga dubban lambobin hukunci, ta san siffarsu: suna biyu, shekara, lambar kundi, shafi. In ka matsa mata sai ta ƙera maka mai irin siffar, kamar yaron da ya ji ana karatu ya iya kwaikwayon sautin bai san baƙi ba. Ba ta san ta yi ƙarya ba, shi ya sa tambayarta "ka tabbata?" ba ta da amfani. A shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jirgin Avianca a birnin New York, lauyan ya tambayi ChatGPT ko hukunce-hukuncen da ta ba shi na gaske ne, ta ce ƙwarai kuwa. Guda shida na bogi ne. A watan Yunin 2023 alƙali ya ci lauyoyin tarar dala 5,000. A Ingila, cikin Yunin 2025, Babbar Kotu ta duba wata takarda da aka kafa hujja da hukunci 45, aka tarar 18 babu su sam. Ko manhajojin da aka gina musamman don lauyoyi ba su tsira ba: binciken da masana a Jami'ar Stanford suka yi a 2024 kan manyan na Amurka ya same su da kuskure a kashi 17 zuwa 33 cikin ɗari na amsoshinsu.

To, duk hukuncin da zai shiga takardata sai ya bi ta hannuna kamar haka.

Da farko in gan shi. In buɗe cikakken rubutunsa a rumbu ko a kundi, sunaye su dace, shekara ta dace, kotun ta dace. Wanda na nema ta suna, na nema ta lamba, bai fito ba, na jefar. Ba na ɓata lokaci ina cewa wataƙila ba a buga shi ba ne. In da gaske hukuncin da ba a buga ba ne, to sai an je rajistarar kotun an karɓo kwafi mai hatimi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Sai in karanta abin da ya faru a shari'ar, ba taƙaitawar da ke saman shafi kaɗai ba. Wannan ɗabi'ar ta cin taƙaitawa a bar gangar jiki ta girmi ƙirƙirarriyar basira, tun zamanin kundi muke fama da ita, na'ura dai ta ƙara mata gudu ne. Hukunci yana ɗaure ne da abin da aka yanke a kansa. Jimla mai daɗi da aka tsinko daga shari'ar zaɓe ba lallai ta yi maka aiki a shari'ar gado ba.

Sannan in duba bakin wa maganar ta fito. Wannan tarkon ya kama manya. A cikin hukunci ɗaya akwai inda mai shari'a ke maimaita hujjar lauyan da ya faɗi, akwai inda yake kawo abin da kotun ƙasa ta ce kafin ya rushe shi, akwai maganar da ya yi a kan hanya wadda ba ita ce tushen hukuncin ba, akwai kuma ra'ayin wanda ya saɓa wa sauran alƙalan. Na'ura tana iya tsamo kowanne daga ciki ta ce "kotu ta yanke". Ka nemo sakin layin da idonka, ka koma baya shafi biyu, ka ci gaba shafi biyu.

Na ƙarshe, hukuncin yana raye? Ga misali daga maganar fili. A shari'ar Oyeniran da Egbetola ta 1997 Kotun Ƙoli ta tafi a kan cewa Babbar Kotun jiha ba ta da hurumin fara sauraron rigimar filin da ke ƙarƙashin mallakar gargajiya a karkara. A 2000, a shari'ar Adisa da Oyinwola, kotun ta janye daga wannan matsayi ta ce tana da shi. Duka biyun na gaske ne, duka suna cikin kundi. Wanda ya ɗauko na farko ya tsaya, lauyan ɗaya ɓangaren zai tashi da murmushi. Rumbunan da ake biya suna nuna maka hukunce-hukuncen baya da suka ambaci wanda kake dubawa, da waɗanda suka bi shi da waɗanda suka kauce masa. A ganina wannan shi ne abin da ya fi cancantar kuɗin rajistar da kake biya duk shekara, fiye da akwatin hirar da ake ta tallatawa.

Wani lokacin ba a kashe hukunci ba, an dai rage masa kaifi. A maganar Baba, na'ura za ta kawo maka shari'ar bankin Savannah da Ajilo ta 1989, inda rashin amincewar gwamna ya rushe jinginar gida. In ka tsaya nan sai ka ce wa Baba ya haƙura. Amma a 1995, a shari'ar kamfanin Awojugbagbe da Chinukwe, Kotun Ƙoli ta fayyace cewa ƙulla yarjejeniya kafin a samu amincewar ba haramun ba ne, cinikin dai bai kammala ba sai ta samu. Sai ka haɗa da shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, mai hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar fili: tarihin gado, takardu, ayyukan mai abu na tsawon lokaci, daɗewa a riƙe da wurin, da mallakar filin da ke maƙwabtaka. Yanzu bulon nan layi uku da Baba ya jera ya zama abin magana. Kafin ka rubuta komai kuma, a je KADGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta Jihar Kaduna, a binciki fayil ɗin filin, a ga yaushe aka ba wancan takarda kuma a kan me. Wannan babu manhajar da za ta yi maka.

In maganar ta kotun Musulunci ce

A nan nake ninka shakka. Wanda ke zuwa kotun Musulunci ta Magajin Gari a Kaduna ya san alƙali ba ya tambayar NWLR, nassi yake so daga littattafan Malikiyya: Risala, Muhtasar na Halil, Tuhfa ta Ibn Asim da sharhohinsu. Na'ura kuwa tana cakuɗa mazhabobi ba tare da ta sanar da kai ba. Tambaye ta shufu'a, wato haƙƙin riga kowa sayen kason da aka sayar. Tana iya ce maka maƙwabci yana da shi. Wannan ra'ayin Hanafiyya ne. A Malikiyya abokin tarayya ne a dukiyar da ba a raba ba yake da shi, maƙwabcin katanga ba shi da shi. Ka tashi ka ce "Allah gafarta Malam" ka kawo na Hanafiyya, almajirin da ke zaune a bayan kotu ma zai gane. Tana kuma ƙera baitin Larabci ta ce daga Tuhfa ne, da lambar shafi.

Abin da ke aiki shi ne ka nemi mas'alar a manhaja irin Maktaba Shamila, wadda ke ɗauke da rubutun littattafan, ka gano babin, sannan ka buɗe bugun da ke hannunka, don lambar shafi tana bambanta daga bugu zuwa bugu. In Larabcinka bai kai ba, ka kai wa malami. Rabon gado ma haka: manhajar lissafi tana taimakawa, amma kai za ka tabbatar wane ne ya katange wane.

Ka kuma kula da inda za ka ɗaukaka ƙara. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga al'amura irin aure, riƙon yara, waƙafi, kyauta, wasiyya da gado. Rigimar wane ne mai fili zalla, ko da a kotun Musulunci aka fara ta, ba can take zuwa ba. Shari'o'i da yawa sun yi shekaru suna tafiya kafin a rushe su a kan wannan kaɗai.

Juya ta ta zama abokiyar hamayya

Bayan na tara hujjojina na tantance, na rubuta jawabina da kaina, sai in cire sunaye in ba ta in ce: kai ne lauyan ɗaya ɓangaren, rushe wannan. A nan take burge ni. Ba ta jin nauyina kamar yadda yaran ofis ke ji, ba ta cewa "Oga ai ya yi". Cikin abubuwa goma da za ta kawo, bakwai shirme ne, biyu na riga na sani, ɗaya kuwa yakan sa in gyara zama.

Tana kuma da amfani a kan tulin takardu. Kundin ɗaukaka ƙara mai shafi ɗari shida, in an ɗauki hotonsa da kyau, za ta iya jero maka inda shaida na biyu ya saɓa wa kansa. Ka sa ta faɗi shafi a kowace magana, ka buɗe ka gani. Rubutun hannun alƙali da tsohon bugun tafireta da ya dushe suna rikita ta, ta karanta 1987 a matsayin 1981, shari'ar fili kuwa wani lokacin a kan shekara ɗaya take juyawa. Fassarar bayanin shaida daga Hausa ma ban sakar mata ba. "Na ba shi aro", "na ba shi riƙo", "na bar masa", a wurinta kusan abu ɗaya ne, a gaban alƙali kuwa shari'a uku ce.

Ga wanda ba lauya ba, mai son ya fahimci takardar sammacin da aka kawo masa, babu laifi ya sa ta bayyana masa kalmomin. Amma kwanakin da doka ta ba shi ya mai da martani, wannan ya tambayi lauya, in babu hali ya nufi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a kyauta.

Daren shiga kotu

Ina da takarda guda a gaban kowane fayil mai layi huɗu: sunan hukunci, inda na buɗe shi, shafin da maganar take, da ranar da na duba ko yana raye. Yaron da ya yi binciken ya sa hannu, ni ma in sa. Hukuncin da layinsa bai cika ba ba ya shiga jawabi, komai daɗinsa.

Sai a buga cikakken kowane hukunci, kwafi uku: na mai shari'a, na abokin aiki a ɗaya ɓangaren, da nawa, a ja layi a ƙarƙashin sakin da za a karanta. A sauke kwafinsu a waya ma tun da dare ana da wuta, don sabis a cikin ɗakin kotu ba abin dogaro ba ne, kuma ba a cewa mai shari'a ya jira shafi ya buɗe. In akwai saƙon WhatsApp ko hoton waya da za a miƙa a matsayin shaida, a tabbatar takardar shaidar da sashe na 84 na dokar shaida ya nema tana cikin fayil, an sa mata hannu. Jakar a ajiye ta bakin ƙofa, rigar da hular a samanta.